Na Musanya Bakin 'Yata da Sabuwar Waya

Zuwa ga Mai Girma Babban Daraktan ƙungiyar da ta raba wa yaran Jigawa manhajar Allon Magana.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, waɗanda suka rage da waɗanda suka kama gabansu. Ya aiki, ya ɗawainiya da jama'a? Allah ya taimaka.

Zan fara da laifina kafin in zo kan naku, don kada wani ya riga ni faɗa. Ni ne mutumin da ya ɗauki bakin 'yarsa ya kai kasuwa, ya bayar da shi, ya ɗora ciko a kai, ya dawo gida yana washe haƙora yana jiran a ce masa sannu da ƙoƙari. In hukuma na neman wawan bana a Dutse, a daina ɓata mai, yana nan bakin titin Kiyawa ƙarƙashin dalbejiya yana faci.

Sunana Malam Sale mai faci. Malam ɗin na furfura ne, kada ka zata na karatu ne. Boko a aji biyu na sakandare muka raba jiha, don haka in ka ga rubutun nan yana ɗingishi, ka yi haƙuri da shi, gado ya yi.

'Yata Hindatu shekararta goma sha huɗu. Shawara ce ta kama ta tana jinjira ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Tana ji sarai, tana ganewa fiye da ubanta, in na saki barkwanci a tsakar gida ita ke fara dariya kafin manya su farga. Amma harshe ba ya mata biyayya, hannuwa ma haka. Maganar bebaye da hannu ake yi, rubutu ma da hannu ake yi. Duk jikinta, yatsa ɗaya ne ke zuwa inda ta aike shi, manuninta na hagu.

Shekara huɗu da suka wuce mutanenku suka zo Dutse da tutoci da riguna iri ɗaya, suka tara mu, suka sa mana manhajarku a waya. Ga wanda bai san ta ba, gilashin waya ne ake rabawa gida-gida kamar na dara, kowane gida da hotonsa. In yatsa ya taɓa hoton kofi, wayar ta ce "ruwa" da Hausa. Na shekara goma ina jiran ranar da yarinyar nan za ta ce "Baba". Da aka miƙa mata allon, abin da ta fara dannawa "ƙosai" ne. Na fita da gudu na sayo, ina kuka mai ƙosai tana tambayata ko rasuwa aka yi.

Daga ranar muka shiga gina allon nan. Mu ɗauki hoton abu, maiɗakina ta faɗi sunansa a ɗauki muryarta, Hindatu ta nuna gidan da take so a ajiye shi. Haka muka tara gida sama da ɗari uku. Akwai butarta, akwai kujerarta, akwai akuyar maƙwabta da ta tsana, akwai surorin da take so a kunna mata. Gida bakwai muryar mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, addu'o'i da gaisuwar jika da kaka. Akwai wani gida da Hindatu ta nace sai an yi, wanda ke cewa "Baba, ka cika surutu." Ka ga ni kenan, mace ɗaya na aura, amma da muryarta ake min faɗa ta baki biyu.

Wayar da allon ke ciki ta tsufa. Gilashi ya tsage, marfi ya daina zama, ni da kaina na yanko robar tib na ɗaure ta. Duk ranar da babu wuta nakan tafi da ita caji na awa biyu kusa da rumfata, kuma a nan 'yan majalisarmu suka sa ta a gaba. Iro mai shayi ya ce, "Malam Sale, wannan waya ce ko ƙunshin goro?" Wani ya ce in ɓarawo ya sace ta sai ya dawo ya ba ni haƙuri da ɗan abin sayen wata. Ni da nake yi wa kowa ba'a, sai ga ba'a ta kama ni.

Talatar da ta gabaci Babbar Sallah na ce da mutanen gida caji zan kai ta. Na zarce kasuwar waya na yi musaya. Yaron shagon har tambayata ya yi, "Baba, ka kwashe kayanka?" Sai na zaro mimori daga aljihu, naɗe cikin takarda, na ɗaga masa kamar mai nuna takardar fili. Mu a saninmu komai na waya a mimori yake zama. Ban tsaya nan ba, don an sha gaya mana kada mutum ya bar hoton iyalinsa a hannun baƙo, na ce ya filashe tsohuwar a gabana. Ya goge ta tas ina tsaye ina gyaɗa kai irin na masana.

A mimorin nan, ranka ya daɗe, wa'azi ne da hoton wani ɗaurin aure. Allon ba ya ciki. Garin neman gira na rasa ido.

Sabuwar wayar kuma ta ce ba ta san zancen ba. A rumbun da ake sauke manhajoji ba a ga taku ba. Na je wani gida a Yalwawa da su ma ɗansu ke amfani da ita, aka turo min waya zuwa waya, sabuwar ta fito da rubutun Turanci, aka fassara min cewa an gina manhajar ne don tsofaffin wayoyi, ba za ta zauna a wannan ba. Na ari wata tsohuwar waya, manhajar ta zauna, amma ta ce sai na sa lambar da za a turo ta tes kafin ta buɗe min ajiyar allon Hindatu da ke rumbunku na intanet. Na jira lambar nan ranar Sallah, na jira ta washegari. Yau kwana tamanin da biyar, ba ta iso ba. Ko da ƙafa ta taso daga Legas ai da ta wuce Kano.

Wannan shi ne nawa laifin. Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya, ina so ka san abin da shirun nan ya ci.

A kwana na goma sha tara Hindatu ta fara wani kuka ƙasa-ƙasa, ta ƙi abinci. Hanyar da ta rage mana ita ce ido: in ta ɗaga sama e, in ta runtse a'a. Abin da ba mu taɓa lura ba shi ne in ciwo ya tsananta jikinta na sanƙarewa, idon ya riƙa tafiya sama da kansa. Uwarta ta ce kai ne? Ido ya yi sama. Ciki ne? Ya yi sama. Haƙori? Ya yi sama. Komai ya zama e. Jikinta da zafi, ga damina ta sauka, muka ce zazzaɓin sauro ne, na karɓo magani a kemis. Kwana biyu babu sauƙi, aka ce taifot. Uwarta ta yi zaton ko girma ne ya zo mata, ta dafa mata ruwan zafi tana gasa mata mara. A rana ta huɗu na taɓa cikinta na ji shi tauri kamar tayar da aka cika wa iska fiye da ƙima. Wannan kam sana'ata ce, na san abin da ke biyo baya. Muka sa ta a adaidaita sai asibiti.

Afendis ne, kuma ya riga ya fashe. Aka shiga da ita tiyata. Da likitan ya fito ya ce da ni, "Malam, me ya hana ku kawo ta tun ranar farko? Ba ta nuna muku gefen cikinta ba?" Duk Dutse ba a taɓa tambayata abu na rasa amsa ba, ko ta gaskiya ko ta ƙarya. Ranar na ƙura wa siminti ido.

A allonta akwai shafi mai hoton jikin mutum. Shekara biyu da suka wuce ta danna kunnen dama a kai, ta danna "ciwo", ta danna "sosai", kafin azahar an ɗiga mata magani an gama. Minti ɗaya ya ɗauke ta. Wannan karon kwana huɗu ta yi tana gaya mana, mu muna ba ta maganin sauro.

Kwana goma sha biyu muka yi a asibiti. Har yanzu ɗinkin na ɗan tsatsa, duk mako muna komawa wanki, duk mako nas ta sunkuyo ta ce "Hindatu, ina ke miki ciwo?" sannan ta juyo ta kalle mu, mu kuma mu yi canke. Akwai kuma abin da ban so in rubuta ba amma dole. Yarinya ce ta fara zama budurwa. A allonta akwai gidan da ke cewa "ban so", akwai mai cewa "wani ya taɓa ni", akwai hotunan duk masu shiga gidanmu. Tun da allon ya tafi uwarta ba ta sake zuwa suna ko biki ba. Ƙanen baban ita uwar ya rasu a Kiyawa, ko gaisuwa ba ta je ba. Ta ce ba za ta bar wa kowa yarinyar da ba ta iya kai ƙara ba, ni ma ba ta cika yarda ta bar min ita ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na biyu, na neme ku kafin in kai ku gaban jama'a. Na je ofishinku na nan Dutse sau uku. Allon sunanku na nan, hoton yaro na murmushi na nan, amma ciki buhunan taki ake sayarwa. Mai gadin layin ya ce, "Ai sun tashi tun da kuɗin Turawa ya ƙare." Lambar da ke jikin takardar da kuka ba mu ranar taro, matar nan ta cikin waya ce kaɗai ke ɗauka, har mun saba, saura kaɗan in tambaye ta ya yara.

Na uku, Allah ya haɗa ni da wadda ta fahimtar da ni ciwon, kuma ƙusa ce ta kawo ta. Malama Bilkisu tana koyar da ilmin kwamfuta a jami'a a Kafin Hausa. Tayarta ta sace a gaban rumfata, ina facin ina ba ta labari, don ni ko ba a tambaye ni ba ina bayarwa. Ta ce in nuna mata wayar. Ta zauna kan bencina ta buɗe kwamfutarta a cinya, na gama faci na ɗaura taya, ba ta ɗago ba.

Ta ce manhajarku a kan wani abu take zaune da ake kira laburare. Na ce na san shi, gidan littattafai. Ta yi dariya ta ce wannan ba gini ba ne, tarin umarni ne da aka rubuta wa na'ura, kuma ku ne kuka rubuta shi kuka shimfiɗa a intanet, kowa na iya karantawa, kowa na iya kawo gyara. Na ce to madalla, mutanen kirki ne. Ta ce shi ma laburaren naku ba shi kaɗai yake tsaye ba, ya jingina da wasu sassa da wasu bayin Allah suka rubuta kyauta: mai fitar da murya, mai ajiye hotuna, mai turo lambar tes, da wani da na manta. Masu waɗannan sassa sun daɗe da fitar da sababbi da suka dace da wayoyin yanzu. Naku laburaren ne aka ɗaure da tsofaffin, ba wanda ya zo ya kwance.

"Baba," in ji ta, "ka ɗauka wilin motoci ne ya canza, su kuma har yanzu tsohon tib suke turawa ciki."

Nan na gane, har na fi ta ganewa. Lokacin da tayoyi marasa tib suka shigo, akwai masu facin da suka ce yayi ne zai wuce. Suna nan da sholishonsu da tsohon almakashi suna kallon motoci na wucewa. Ni na je na koya, na sayi allurar cusa roba. Ba wayo na fi su ba, kun dai ga irin wayona a sama. Yunwa ce ta koya min cewa wanda ya ce zai riƙe tayar mutane, dole ya bi taya duk inda ta juya.

Malama ba ta tsaya a bayani ba. Mako uku ta yi a kan aikin, tsakanin aji da makin jarrabawa da nata 'ya'yan. Ta ce in ka ɗaga sashe ɗaya zuwa sabo sai na kusa da shi ya ƙi, in ka lallashi wannan sai na uku ya ɓalle, kamar ɗaure kayan kara a kan babur. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har suka zauna. Ta gwada a sabuwar wayata, ta gwada a tsofaffi guda biyu don kada gyaran ya kashe wa wasu nasu. Ko ruwan leda ba ta karɓa a hannuna ba, facin ma sai da muka yi rigima kafin ta yarda na bar mata. Sannan ta aika gyaran zuwa shafinku na intanet, inda kuka rubuta da kanku cewa kuna maraba da gudummawa. Abin da ya rage, wani mai riƙe da mabuɗi a cikinku ya duba, ya danna ya karɓa, ku sake fitar da manhajar da hatiminku. Yau kwana ashirin da huɗu gyaran na zaune a ƙofarku. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Na huɗu, maganar ma'aikacinku ɗaya tilo da bai bar aiki ba. Malama ta nuna min cewa ba ni ne farkon mai kuka ba. Sama da shekara guda da ta wuce wani malamin makaranta ya rubuta a shafin nan cewa manhajar ta daina zama a sababbin wayoyi. Ƙarƙashinsa wasu suka biyo suna cewa mu ma haka, mu ma haka. Ba wanda ya amsa musu sai wani mutum-mutumi da kuka ɗora gadi, wanda aikinsa shi ne in ƙorafi ya kwana talatin ba a taɓa shi ba, ya rufe shi. Ya rufe nasu, har da godiya a ƙasa. Ranka ya daɗe, na sha zuwa ofisoshi, na san "ka dawo gobe", na san "oga ya fita sallah". Amma ko can sai an sami ɗan Adam ya buɗe baki ya yi maka ƙaryar. Ku kun huta da wannan ma. Yanzu duk Juma'a Malama sai ta shiga ta rubuta layi ɗaya ƙarƙashin gyaranta, don mutum-mutumin ya ga da sauran numfashi kada ya ja masa mayafi.

Na biyar, na san abin da wani mai ilmi zai ce: ai laburaren a buɗe yake, ku ɗauka ku gina taku mana. An gina. Malama ta haɗa min wata a sabuwar wayar, tana buɗewa lafiya lau. Amma allon wofi ne da hotunan da ya zo da su daga ƙasar da aka zana su, su jirgin ƙasa da wani farin kare. Gidajen Hindatu suna rumbunku na intanet, shi kuma rumbun ba ya buɗe wa kowace manhaja sai mai hatiminku. Mun gwada sake ginawa daga farko, mun yi gida ashirin. Abin da ban sani ba sai yanzu, ashe ba da ido take karanta allon ba, yatsan ne ya haddace hanya, kamar yadda nake laluben sifana a akwati ba tare da na duba ba. Ta kai yatsa inda "ruwa" yake shekara huɗu, wayar ta ce "jirgin ƙasa". Ta sake, ta sake. A karo na uku ta ture wayar da gwiwar hannu ta faɗi ƙasa, daga ranar in an kawo ta kusa sai ta juya fuska bango. Kafin yatsan nan ya koyi gida ɗari uku sai da ya ci shekara huɗu, lokacin tana da ƙarfi da marmari. Yanzu ramammiya ce mai ɗinki a ciki. Muryar kakarta kuwa, sai dai in za ku ba ni lambar da ake kiran kabari.

Kuma ga abin da ke hana ni cin tuwo da daɗi. A cikin sharuɗɗanku, waɗanda na dangwala wa hannu ban karanta ba, Malama ta gano an rubuta cewa duk ajiyar da aka yi wata shida ba a buɗe ba, rumbun zai goge ta da kansa. Ba mu buɗe ba don ba ma iya buɗewa. Ba ma iya buɗewa don ba ku karɓi gyara ba. Saura wata uku da 'yan kwanaki, kuma na ga yadda na'urorinku ke cika alkawari in dai na rufewa ne.

Za a ce kyauta aka ba mu, mai karɓar kyauta ba ya ƙorafi. Haka ne in riga ce ko buhun shinkafa. Amma in na yi wa direba faci kyauta, na san a raina ba zai kai Kiyawa ba, na yi shiru na ɗaga masa hannu ya tafi da fasinja cike, ranar da za a tambaye ni ba za a ce nawa ka karɓa ba. Kun zo kun ce wa yara marasa baki ga baki, suka yarda, suka zuba duk abin da suke da shi a ciki. Daga ranar ya tashi daga kyauta ya koma amana. Ban ce kun ci amana da gangan ba. Na fi zaton tallafi ya ƙare, yaran da suka iya aikin suka sami inda ya fi, mabuɗin ya rage a kwamfutar wani da yanzu yake wani gari yana wata sabga. Na fahimci wannan, kowa da cikinsa. Sai dai ko mai gadi in zai bar aiki yakan miƙa makulli.

Don haka ga roƙona, kuma babu kuɗi a ciki, kada gabanka ya faɗi.

A nemo mai mabuɗin, ya ba gyaran Malama Bilkisu awa ɗaya daga rayuwarsa. In ya yi, ya karɓa. In da kuskure ya faɗa, ta ce za ta gyara a ranar.

A fitar da sabuwar manhajar da hatiminku, a tabbatar lambar tes na isowa.

Kafin duk wannan, yau ɗin nan in da hali, a tsayar da agogon wata shidan nan, na Hindatu da na kowa. Malama ta ce layi ɗaya ne ake canzawa.

In kun gaji da riƙon laburaren, gajiya ba abin kunya ba ce. Ku miƙa shi ga masu iyawa. Malama da abokan aikinta biyu sun ce za su karɓa su riƙa bin sassan nan duk lokacin da aka sabunta su, har su koya wa ɗalibansu a kai. Sun rubuta muku haka, yana nan shafinku in mutum-mutumi bai riga ku gani ba.

Ku aika wa duk gidajen da kuka raba wa manhajar saƙo da Hausa, ko a rediyo ne, cewa kada kowa ya canza waya ko ya filashe ta sai kun ce. Ni na zaga gida huɗu da na sani na gaya musu, ina nuna kaina a matsayin misali, abin da ya fi kowane wa'azi shiga. Ɗaya daga cikinsu batirin wayarsu ya kumbura har marfi ya ɗaga. Uban yaron ya tambaye ni to ya zai yi, na ce ya lallaɓa ta kamar tsohuwa mai hawan jini, ya yi ta addu'a.

Shi kuma ma'aikacin nan naku mai rufe ƙorafi, a ba shi hutu. Ya yi ƙoƙari.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya buɗa wa ƙungiyarku ƙofofin da suka rufe, ya saka wa duk wanda ya sa hannu a manhajar nan da alheri, don shekara huɗu na ji 'yata na magana kuma ba zan manta ta hannun wa na ji ba. Allah ya raba ka da ranar da ɗanka zai yi kuka ka rasa inda ke masa ciwo.

Saura abu ɗaya, shi wannan ba naku ba ne, nawa ne. Na durƙusa gaban kujerar Hindatu na gaya mata duk abin da na yi, har zancen Iro da ƙunshin goro, na ce ta yafe min. Uwarta ta ce, "Ai ta yafe, Malam, 'yarka ce, tashi." Ban karɓa ba. Shekara goma ana amsawa a madadinta kafin ta sami allo, ba zan zama mai mayar da ita can don in sami barci ba. Ido kuma na riga na ga yadda yake ce wa komai e. Da na zauna na tuna gidajenta ɗaya bayan ɗaya, sai na ga babu "na yafe" a ciki. Mun sa mata "yi haƙuri", mun sa mata "na gode". Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa cewa wata rana ita za a roƙa.

Ranar da allonta ya dawo, zan sa uwarta ta ɗauki murya biyu, "na yafe" da "ban yafe ba". Gida biyu, girma ɗaya, kusa da juna, inda yatsan ke kaiwa ba wahala. Ba zan yi a allon wofi ba, don wanda kalma biyu kaɗai ta rage masa ba a ce ya zaɓa ba. Sai duk maganarta ta dawo hannunta, ta yadda in tana da abin da ya fi waɗannan biyun zafi za ta iya haɗa min shi. Sannan in ajiye wayar a gabanta, in zauna a ƙasa, in kama bakina. Wanda ta danna, shi ne nawa.

Ku buɗe mana in je in ji.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Naka,
Malam Sale mai faci,
Yalwawa, Dutse.